Gadon da na haɗa wa Hajiya da jak ɗin tsohon dish

Ni kafinta ne, shagona a Tudun Wadan Kaduna yake, wutar lantarki kuwa sama sama na sani. Hajiyarmu ce ciwon baya ya sa tashi daga kwance yake mata wuya, kullum sai an tara filo an tallabo ta, muka tambayi kuɗin gadon asibiti mai rimot aka faɗa mana abin da ba mu da shi, shi ne nace bari in gwada da katako.

Injin da zai riƙa ɗaga gadon a kasuwar Panteka na samo shi. Kun tuna manyan dish ɗin nan na da, masu raga, waɗanda ake juyawa a canza tasha? To jak ɗin da ke juya su shi ne. Inci 18 na ɗauka, 36V yake ci amma 24V ma yana tafiya sai dai a hankali, kuma ga gado ai a hankalin ake so. Abin da yasa na fi son shi akan injin waifa na mota, cikinsa doguwar sanda ce mai zare kamar sukuru, duk inda ka tsayar da shi nan zai tsaya ko babu wuta, ba zai zame da mutum ba. Sannan yana da suwic biyu a cikin kansa masu yanke wuta in ya kai ƙarshe, kai ne zaka saita su da sukundireba.

Wayarin ba wani abu bane wlh. Batir biyu na UPS 12V a jere su ba da 24V, fis, da suwic mai hanya biyu wanda ke juya kan waya, ka danna sama ya tura, ka danna ƙasa ya dawo, ka saki ya tsaya. Wani yaro yace in sa rimot da Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, nace a'a, tsohuwa ce, maɓalli ɗaya mai igiya ya ishe ta. Caja kuma tana can jikin bango, bana son wutar NEPA ta kusanci inda mutum yake kwana, kuma in an ɗauke wuta gadon yana aiki abinsa.

Inda aikin yake shi ne wajen kafa jak ɗin. Lokacin da gado yake shimfiɗe jak yana kwance kusan daidai da allon da ke ɗaga bayan mutum, to duk ƙarfinsa a turin hinji yake ƙarewa maimakon ɗagawa, zaka ji yana gurnani katako yana ƙara. Dole gindinsa ya sauka ƙasa sosai, kuma a walda wa allon wani hannu na ƙarfe da ya leƙo ƙasa domin ya samu inda zai tura. Mai waldan da ya min, dattijo ne, ya kalli zanena yace "Malam kafinta, ƙara wa hannun nan tsawo, farkon tashi ne mai nauyi." Gaskiyarsa, amma fa in hannun yayi tsawo da yawa inci 18 ɗin zai ƙare allon bai miƙe ba, saboda haka na yanka kwali na buga ƙusa ina gwadawa a ƙasa kafin a taɓa ƙarfe. Na ƙara sandar gas guda biyu irin ta but ɗin mota tana taimaka masa a farkon, ƙarar ta ragu sosai.

Katakon madaci nayi amfani da shi, busasshe, allon bayan kuma falawud mai kauri. Duk inda ƙarfe ya haɗu da katako bol da noti ne da wosha, huda har ɗaya gefen, don sukuru a hankali jak zai zare shi. Kuma ku da kuke Kaduna kun san halin katako, da damina ya kumbura da hunturu ya tsuke. Na bar tazara kamar santimita ɗaya kowane gefe don kada allon ya cije a watan Agusta, da sanyi ya shigo kuma notuka suka saki sai da na bi su da sifana. Ƙurar hunturu tana manne wa giris, na sa wa sandar jak ɗin riga da tsohon tif na babur, ragowar robar na shimfiɗa ƙarƙashin ƙarafan don katako yana ƙara wa inji amo kamar ganga.

Katifa ma magana ce, mai kauri inci 10 ɗin nan bata lanƙwasa, tashi take yi gaba ɗaya. Inci 5 muka sa.

Sai yara. Jikoki sun mayar da shi lilo, kuma in allon yana sauka jak baya sanin akwai hannun yaro a ƙasa, matsewa zai yi. Na rufe gefen da falanki, na ɓoye wani suwic a bayan kan gadon wanda ke kashe komai in Hajiya ta fita tsakar gida. Ita yanzu cewa take "Kai Auta, ƙafar fa?" wai a yi wa wajen ƙafa ma. Wannan sai na samu jak na biyu, ƙarami inci 12 zai yi, amma sai an raba allon ƙasan gida biyu saboda gwiwa.