Ruwan da ya yi garau yana iya kashe kifin ado

Yawancin masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi da ido suke auna lafiyar ruwa: idan ya yi garau sai hankali ya kwanta, idan ya yi gurɓi sai a tashi wanki. Abin da ke damuna game da wannan ma'auni shi ne, gubar da ta fi kashe kifi a gida ba ta da launi ko kaɗan. Sunanta amoniya, kuma kifin da kansa ne yake fitar da ita ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa su ƙara yawanta.

A kogi yawan ruwa yana tafiya da wannan guba, amma a akwati manyan masu kawar da ita su ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda suke zaune a cikin soson matatar ruwa da jikin tsakuwa. Wani rukuninsu yana mayar da amoniya zuwa naitrait, wanda shi ma guba ne, wani rukunin kuma ya mayar da naitrait zuwa naitret, wanda kifi yake iya jurewa muddin bai taru da yawa ba. Waɗannan ƙwayoyi suna buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin, shi ya sa wanda ya sayo akwati yau, ya cika shi da kifaye goma gobe, yakan fara tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana zargin cewa marasa lafiya aka sayar masa.

Daga nan ne kuma ake faɗa wa kuskuren da ya fi ba ni tausayi, domin ƙauna ce take jawo shi. Mutum zai kwashe kifayen ya zuba a bokiti, ya zubar da ruwan duka, ya dirje tsakuwa, ya tara soson matata a bakin famfo yana matsewa har sai ya koma fari tas, wani ma har da sabulu. Wannan danƙon mai ruwan ƙasa da ya wanke, wanda idan ka shinshina za ka ji ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, shi ne mazaunin ƙwayoyin nan, saboda haka akwatin ya koma ranarsa ta farko. Abin da ya dace shi ne a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, a ɗauraye soson a hankali cikin tsohon ruwan da aka ɗiba.

Idan ka ga kifi ya taso saman ruwa yana buɗe baki da sauri, ko ya lafe a ƙasa ya matse fukafukansa, kada ka fara da sayen magani, ka fara da gwajin ruwa. Kayan gwaji na ɗigo suna nuna amoniya da naitrait, waɗanda ya kamata su kasance sifiri, da kuma naitret, wanda ake so ya tsaya ƙasa da miligiram 40 a kowace lita. Naitrait yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, don haka kifin yana haki ko da injin iska, wato na'urar da ke hura iska cikin ruwan, yana aiki. Da zarar gwaji ya nuna ɗaya daga cikin gubobin biyu, a canza rabin ruwan, a dakatar da abinci na kwana biyu, domin lafiyayyen kifi ba ya mutuwa saboda wannan ɗan azumi.

Sabon ruwan ma yana da nasa sharaɗi. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, wanda yake ƙona gaɓoɓin numfashin kifi ya kuma kashe ƙwayoyin matata. Idan aka ajiye shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya zuwa biyu kulorin yakan fita, amma inda ake amfani da kuloramin, wato haɗin kulorin da amoniya, ajiyewa ba ta wadatarwa, sai an ɗiga maganin da ke warware shi. Ruwan burtsatse kuwa yakan fito da ƙarancin oksijin, saboda haka a bar injin iska ya motsa shi kafin a zuba.

Zafin bazara da ɗauke wuta su ne suke haɗuwa su yi ɓarna cikin dare ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 sai ya sauka zuwa kusan 7.5, kuma gubar amoniya tana ƙara ƙarfi da zafi. Idan matata ta daɗe a tsaye, ƙwayoyin da ke cikinta sukan fara mutuwa, don haka a ganina ƙaramin injin iska mai batir ya fi kowane kayan ado muhimmanci. Wanda ba shi da shi zai iya ɗibar ruwa da kofi yana kwararo shi daga sama lokaci zuwa lokaci.

Shi kuwa ruwan da ya yi fari kamar tsinkakken koko a sabon akwati yakan washe da kansa cikin 'yan kwanaki idan aka rage abinci, kore kuma gansakuka ce da hasken rana ya ciyar, sai a janye akwatin daga taga, a taƙaita kunna fitila zuwa awa 8 a rana.