Inda na kai a gyaran tsofaffin hotunan Damagaram

Ƴan'uwa masu koyon wannan sana'a, hotuna biyu ne a hannuna yanzu, kuma ga inda aiki ya tsaya a kansu. Na farko na wani dattijo ne a danginmu, ɗan kasuwa a unguwar Zango, yana zaune da babbar riga da rawani. Na biyu tsohon katin gidan waya ne na zamanin da Zinder, wato Damagaram, take babban birnin Nijar a ƙarƙashin Faransa, wato kafin a mayar da mulki Yamai a 1926, kuma sojoji ne a cikinsa, suna tsaye gaban wani ginin ƙasa.

Share tabo da cike gurbi sun kusa kammaluwa. Na kakkaɓe ƙurar hunturu da buroshi mai laushi, ban sa ruwa ko tsumma ba, sannan na ɗauki hoton dattijon da sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, a kan ɗigo 1200 a kowane inci saboda ƙanƙantarsa, na ajiye shi a kwamfuta a tsarin ajiyar hoto da ake kira TIFF, domin tsarin JPEG yana zubar da wani abu daga hoto duk lokacin da aka sake ajiye shi. Shawarata ita ce ku ɗauki hoton a matsayin mai launi ko da baƙi da fari ne. Idan kuka raba shi gida uku a manhajar gyaran hoto ta GIMP, wato ja da kore da shuɗi, za ku tarar tabon nan mai ruwan ɗorawa ya yi duhu a ɓangaren shuɗi, amma a ɓangaren ja ya kusa ɓacewa, sai ku ɗauki wannan ku ci gaba da shi. Kusurwar da gara ta ci kuwa bango ne kawai, cike ta bai ba ni wahala ba.

Wahalar tana wajen launi, kuma a nan nake so mu daɗe. Na gwada ɗaya daga cikin manhajojin da ke sa launi da kansu, domin in ga iyakarta. Ta mayar da rigar dattijon ruwan toka mai sirkin shunayya, ta bar hulunan sojojin baƙaƙe, fatar mutane kuma ta yi wani irin ja da ba na mutanenmu ba. Ba abin mamaki ba ne, tun da hasashe take yi daga hotunan da aka horar da ita a kansu, ba ta kuwa san unguwar Birni ko Zango ba.

Batun hular sojojin ya isa misali. Sojojin Afirka da Faransa ta ɗauka, waɗanda ake kira tirayar, an san su da jar dara. Abin da ya sa ta fito baƙa shi ne, yawancin farantan gilashi da fim ɗin da ake ɗaukar hoto a kansu a wancan zamani ba sa jin jan haske, shuɗi da kore suke kamawa. Saboda haka duk abin da yake ja yakan yi duhu, mai shuɗi kuma ya yi haske fiye da yadda ido yake ganinsa, shi ya sa sararin sama yake fitowa fari fat. Nau'in da ke kama dukkan launuka ya shiga kasuwa tun 1906, amma ya daɗe kafin ya zama ruwan dare. Wannan dalili ne kuma yake ƙara wa fatarmu duhu a irin waɗannan hotuna, don haka nakan ɗan buɗe hasken fuska kafin in sa mata launi, ba don in canza wa mutum kama ba.

Rigar dattijon ba ta warwaru a gaban kwamfuta ba. Na buga hoton a takarda na kai wa wata gwaggona da ta san shi da rai. Tana dubawa ta ce, "Ɗana, ai wannan saƙi ce, rawanin kuma ɗan kura ne, ba ka ga yana ƙyalli ba?" Da ma na ɗauka ƙyallin lalacewar takarda ne, domin azurfar da ke cikin tsofaffin hotuna takan taso ta yi sheƙi a wuraren duhu. Da na karkata hoton na asali a gaban haske sai na tabbatar da maganarta: sheƙin azurfa yana bin gefen takarda, wannan kuwa yana bin naɗin rawanin ne, irin na rinin baba da ya sha bugu. Aikin wuyan rigar ta ce na zaren tsamiya ne, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa. Daga nan na samu mai ɗinkin riguna ya nuna mini tsohuwar saƙi, na ɗauke ta a inuwa, daga wannan hoton nake ɗebo launi yanzu.

Kowane launi ina ba shi fallensa dabam a saman hoton, yadda zan iya rage ƙarfinsa ba tare da na taɓa na ƙasa ba. Fata ita ce mai cin lokaci, domin launi ɗaya yakan sa fuska ta zama kamar an shafa mata fenti. Sai an ƙara ɗan ja a kumatu da leɓe, a rage shi a inuwar haɓa. A ganina, gara launi ya yi sanyi da ya yi kauri. Ina kuma ajiye na asali, in rubuta a ƙarƙashin sabon cewa launin ƙari ne, don kada jikoki su ɗauke shi shaida.

Abin da ya rage shi ne bangon da ke bayan sojojin. Ginin ƙasa yana sauya kama gwargwadon yaɓen da aka yi masa, wanda aka shafe da makuba ya fi duhu. Zan zaga Birni da hantsi in ɗauki tsofaffin katangu kusa da fadar Sarki, sannan in gwada su da katin. Wanda yake da hoton da ya manne a jikin gilashi, kada ya ɓamɓare shi, ya ɗauki hotonsa tare da gilashin tukuna.