Da tef ɗin ɗinki na koya wa autata awo

Ran wata Laraba autata, 'yar aji huɗu a firamare, ta dawo da littafin lissafinta jan biro ya yi masa kaca-kaca. Tambaya goma a kan awon tsayi, uku ta ci. Ni kuwa shekarata goma sha biyu ina ɗinki, tef ba ya sauka daga wuyana, sai na ji kamar ni aka kayar.

Tambayar farko ita ce, igiya mai santimita 90 da mai mita 1, wacce ta fi tsawo? Ta zaɓi ta farkon. Na ce saboda me? Ta ce, "Umma, ai casa'in ta fi ɗaya." Nan na gano inda gizo ke saƙa: lambar kawai take kallo, kalmar da ke gabanta ko oho. Har na buɗe baki zan kawo mata misalin kobo da naira, sai na tuna yarinyar nan ba ta taɓa riƙe kobo ba. Na jawo ragowar ƙyalle na yanko tsiri biyu, ɗaya santimita 90, ɗaya 100, muka shimfiɗa su a ƙasa kai ɗaya. Na ce wannan dogon shi ne mita ɗaya. Ta daɗe tana kallon ɗan abin da ya yi saura kafin ta ce, "Goma ya rage."

Kuskure na gaba nawa ne. Na miƙa mata tef ta auna faɗin littafinta, ta rubuta santimita 8. Ashe ɓangaren inci na ba ta, wanda mu teloli muka saba da shi. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da 'yan kai, wato littafin ya kai 20. Tun daga ranar sai ta duba fuskar tef kafin ta karanta.

Rula ce ta fi ba mu wahala. Daga bakin katakon take farawa, wani lokaci daga 1, alhali daga sifili ake fara awo. Akwai kuma wata tambaya mai tarko: an zana fensir kwance daga 3 zuwa 11, ta ce tsawonsa 11. Bayani ya ƙi shiga, sai da na sa ta ɗora yatsa tana tsallake gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga takwas. Sannan na nuna mata cewa cire 3 daga 11 shi ne gajeriyar hanya. Kwana uku muna wannan bayan sallar isha'i.

Kakarta, da ke jin mu, ta ce su da kamu da taki suka tashi. Muka gwada a tabarma: kamuna huɗu, na yarinya kusan shida. Yarinyar ta ce to na wa za a rubuta a jarrabawa?

A gwajin da ya biyo baya ta ci takwas. Biyun da ta faɗi na kilomita ne, ta sa 100 a maimakon mita 1,000. Yanzu ta matsa sai na ara mata tef ta auna hanyar makaranta. Na ce tef ɗin bai wuce mita ɗaya da rabi ba, ta fara lissafa mini sau nawa za ta durƙusa.