DJ a gidajen rawar goth na farko: faifai, allura da tsarin dare

Waƙoƙin da suka kafa kiɗan goth, wani reshen kiɗan rock mai salon duhu, ba don filin rawa aka yi su ba, kuma wannan shi ya tsara aikin DJ ɗinsu tun daga tushe. A Agustan 1979 ƙungiyar Bauhaus ta garin Northampton a Ingila ta fitar da "Bela Lugosi's Dead" a kamfanin Small Wonder, waƙa ce mai tsawon sama da minti tara, wadda muryar mawaƙin ba ta shigowa sai an yi nisa. Kafin nan ba abin da ake ji sai ƙwanƙwasar gefen ganga, da bes, wato sauti mai kauri, da jita mai karce, da amon da aka aro daga kiɗan dub na Jamaika. A shekarar ce Joy Division suka fitar da Unknown Pleasures. The Cure suka biyo da Seventeen Seconds a 1980, Siouxsie and the Banshees kuma da Juju a 1981. Duk ƙungiyoyi ne da suka biyo bayan kiɗan punk, masu kaɗa kayansu da hannu, ba ruwansu da ko faifansu zai haɗu da na wani a kan na'ura.

Da aka buɗe gidan rawa na Batcave a Yulin 1982, a lamba 69 titin Dean da ke unguwar Soho a Landan, ƙarƙashin Olli Wisdom da ƙungiyarsa Specimen, an san gidan da doka ɗaya: babu disko, babu kiɗan fonk. Hamish MacDonald ne ke kan faifai a can. A Leeds kuwa Le Phonographique ne matattara, cikin ginin kasuwar Merrion. Matsalar dokar ta Batcave ita ce, disko shi ne kiɗan da aka ƙirƙiro dabarar haɗa bugu da bugu dominsa. Ka kore shi, ka kori sauƙin aikin.

Ga dalili. Na'urar juya faifai da ta zama ma'auni, Technics SL-1200MK2 ta 1979, tana da maɓallin da ake ja da ke ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari. Waƙa mai bugu 120 a minti za ta iya komawa wajen 110 ko ta hau kusan 130, iyakarta ke nan. A disko wannan ya wadatar, don yawancin waƙoƙin suna zagaye wuri guda. A goth kuwa za ka tarar da mai tafiyar hawainiya kusa da wadda ta haura 150. Sannan sauya gudu yana sauya murya: kashi 6 cikin ɗari ya kai rabin mataki a ma'aunin sauti. Murya mai kauri irin ta Peter Murphy na Bauhaus ko Andrew Eldritch na The Sisters of Mercy, in ka ɗaga ta haka, kwarjininta ya zube, kuma masu rawa sun haddace faifan, nan take za su gane. Shi ya sa kashi 2 zuwa 3 ya isa, in ma za a taɓa.

Sai kuma mai ganga. Mutum ne, yakan ɗan ruga a amshi ya lafa a baiti. Ko ka daidaita faifai biyu, cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin sun rabu, sai a ji bugun yana tuntuɓe. Ga shi gangunan irin su Budgie, mai gangar Banshees, sun fi dogara ga manyan ganguna masu gurnani da ke mirginawa, babu bugun ƙasa ɗaya madaidaici da za ka kama. Inda aka samu sauƙi shi ne ƙungiyoyin Leeds masu injin ganga. The Sisters of Mercy sun fara da ƙaramin Boss DR-55 da suka laƙaba wa suna Doktor Avalanche, The March Violets su ma inji ne ke musu bugu. "Alice" ta 1982 da "Temple of Love" ta 1983 ba sa karkacewa, don haka su kan yarda a ɗora wani faifai a kansu.

Sauran kuwa yanka ake yi. DJ zai sa abin ji a kunne, ya nemo bugun farko na faifai mai zuwa, ya juya shi baya da hannu kamar rubu'in zagaye, ya riƙe shi a kan shimfiɗar ulu mai santsi yayin da farantin ke juyawa a ƙasa. Da waƙar da ke tashi ta kai bugunta na ƙarshe, sai ya saki, ya ɗaga maɓallin sauti lokaci guda. In akwai shimfiɗar roba a ƙasa maimakon ulu, faifan zai riƙe farantin, waƙar ta fara da jan murya kamar mai tashi daga barci. Hanya ta biyu ita ce amfani da wutsiyar waƙa: yawancinsu suna ƙarewa da kukan jita ko amo mai tsawo, sai a shigo da bes ɗin waƙa ta gaba a ƙarƙashinsa. Babu bugu biyu da za su yi karo, kuma kunne ba ya jin ɗinkin.

Girman faifai ma yana da tasiri. Mai inci 12 da ke juyawa sau 45 a minti yana da layuka masu faɗi, don haka ya fi ƙarfi da cikar bes. Waƙar da ke cikin kundi mai gudun 33, musamman ta kusa da tsakiya, sautinta ya fi rauni kuma ta fi shaƙewa. Wanda ya tashi daga wannan zuwa wancan bai gyara ƙarfin shigar sauti a miksa, na'urar haɗa sauti, ba, ko dai ya kashe filin ko ya firgita shi.

Abin da ya fi lalata dare a ƙananan ɗakunan nan shi ne gurnani. Bes daga lasifika yana girgiza tebur, allura ta ɗauki girgizar ta mayar wa amfilifaya, abu ya yi ta zagayawa yana ƙaruwa. Ƙara nauyin allura ba ya magance shi. Gram 3 ko kusa da haka ya ishi allurar aikin DJ, wuce abin da maƙerinta ya tsara cin faifai ne kawai. Maganin shi ne a ɗora na'urar kan falankin kankare mai nauyi da roba mai laushi a ƙarƙashi, a nesanta teburin daga akwatin bes, a cire murfin roba na na'urar don shi ma yana kama iska. Idan kuwa ƙugi ne mai daidaito wanda ba ya sauyawa ko an tsayar da faifai, duba siririyar wayar ƙasa, wataƙila ba a ɗaure ta a jikin miksa ba. Hayaƙin da ake fesawa da na taba kuma suna barin danƙo a faifai, ƙura ta taru a bakin allura, sai sauti ya dusashe a tsakiyar waƙa. Ƙaramin buroshi kafin kowane faifai ya fi neman laifin lasifika.

A 1982 faifan da za a kira goth zalla ba su kai su cika dare ba. Dole a cike da David Bowie, da T. Rex, da The Cramps, da kiɗan lantarki na lokacin. A ganina nan ne gwanintar take: DJ ne ya jera waɗannan mabambantan abubuwa kusa da juna har kunnen jama'a ya karɓe su a matsayin dangi ɗaya. Doguwar waƙa mai sanyi tun da wuri, lokacin da mutane ke shigowa suna duba shigar juna. Masu gudu uku ko huɗu a jere in fili ya cika, sannan guda mai matsakaicin gudu don a huta ba tare da an watse ba. Sabon faifan da ba a sani ba kuwa, tsakanin sanannu biyu ake cusa shi, kuma gara wanda zai biyo bayansa ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi, domin ya dawo da waɗanda suka zame zuwa gefe.