Buhu biyu da na shirya wa Kalbin da Arminiyus

A shekarata ta uku a jami'a a Khartum, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya warwatsa mu, malaminmu na darasin kwatanta addinai ya raba mana batutuwan bincike, sai ƙuri'ata ta faɗa kan saɓanin Kiristoci game da ikon Allah da iyawar ɗan Adam a sha'anin ceto. Na yi murna a raina, domin a ganina aikin ya riga ya ƙare. Tun muna aji ɗaya muka karanci Jabriyya, waɗanda suka mayar da bawa kamar gashin tsuntsu a cikin iska, muka karanci Ƙadariyya da Mu'utazila masu cewa bawa shi ke halittar ayyukansa, sannan muka haddace maganar kasbu ta Imam Ash'ari, wato Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma shi ke aikata shi ya ɗauki alhakinsa. Saboda haka na ɗauki Jon Kalbin, babban malamin Furotesta na birnin Jeneba, na jefa shi a buhun Jabriyya, na ɗauki Yakubu Arminiyus, malamin Furotesta ɗan ƙasar Holan, na jefa shi a na Ƙadariyya, na cika shafi goma sha biyu cikin dare uku, rabinsu da hasken waya, don an ɗauke wuta a ɗakin kwanan ɗalibai.

Takardar ta dawo mini jajur da alƙalamin malam. A saman shafin farko ya rubuta tambaya guda da Larabci: idan Arminiyus ya karanta wannan, zai gane kansa a ciki? Da na same shi a ofis, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in koma in karanta abin da mutanen suka faɗa da bakinsu, kuma in fara daga Afirka, tun da a nan wutar ta tashi.

Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya rayu daga shekarar 354 zuwa 430. Ya taɓa rubuta wata addu'a da yake roƙon Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya so. Wannan addu'a ta ɓata wa Felajiyus rai, wani mai gudun duniya daga Birtaniya da ke koyarwa a Roma, domin yana ganin ta buɗe wa malalata ƙofar uzuri. A wurinsa Allah mai adalci ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba, kuma zunubin Adamu mugun misali ne kawai da zuriyarsa suka bi. Agustin ya amsa cewa zunubin Adamu ya lalata nufin mutum kansa, ta yadda mai zunubi yana zaɓar abin da yake so, amma ba zai iya son Allah ba sai Allah ya fara warkar da zuciyarsa. Majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta shekarar 418 ta yi watsi da koyarwar Felajiyus, sannan majalisar Oranj ta 529 a ƙasar Faransa ta ƙara da cewa ko farkon bangaskiya ma baiwar Allah ce, ko da yake ta la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wa wani mugunta.

A nan na ga inda na yi tuntuɓe. Malaman kalamu namu, wato masu ilimin tauhidi, suna tambaya ne a kan wanda ke halittar aikin bawa, ko wane aiki ne, daga ɗaga hannu har zuwa kisan kai. Kiristoci kuwa tambayarsu ta ginu a kan wata aƙida da mu ba mu da ita, wato zunubin gado, kuma abin da suke son sani shi ne ko mutumin da aka haifa a cikin wannan hali zai iya juyowa ga Allah. Ko Martin Luta, jagoran Furotesta, wanda ya mayar wa Irasmus, wani malami ɗan Katolika, da martani mai zafi a 1525 bayan littafin Irasmus ɗin na 1524 kan 'yancin nufi, har ya kamanta nufin mutum da dabbar da ko Allah ya hau ta ko Shaiɗan, bai musanta cewa mutum yana da zaɓi a al'amuran duniya irin su noma da ciniki ba.

Abin da ya fi kunyata ni shi ne takardar da almajiran Arminiyus suka miƙa wa hukumomin Holan a 1610, shekara guda bayan rasuwarsa. Mutumin da na kira Baƙadare, ashe ɗalibin Jeneba ne, ya yi karatu a hannun Beza magajin Kalbin, kuma batu na uku a takardar mabiyansa ya faɗa ƙarara cewa mutum a halin zunubi ba zai iya tunani ko aikata wani abin kirki na gaske da ƙarfin kansa ba. Inda suka rabu da mutanen Kalbin ƙanƙanin wuri ne, amma mai zurfi: sun ce Allah yana zaɓar waɗanda ya hango za su ba da gaskiya, Almasihu ya mutu domin kowa, kuma mutum yana iya ƙin alherin da aka miƙa masa. Majalisar ikkilisiya ta Dort a ƙasar Holan, wadda ta zauna daga Nuwamban 1618 zuwa Mayun 1619, ta ƙi amincewa da hakan, ta ce zaɓen Allah bai dogara ga wani abu da ya hango a cikin mutum ba. Sai dai ita ma ba ta shiga buhuna ba, domin ta rubuta cewa alherin Allah ba ya aiki a cikin mutane kamar a cikin gungumen itace, yana rayar da nufinsu ne har su so da kansu. Siyasa ta shiga ciki kamar yadda ta saba: an sauke fastoci wajen ɗari biyu daga aiki, kuma a watan da majalisar ta tashi aka fille kan Oldenbarnebelt, dattijon ɗan siyasar da ya tsaya wa mabiyan Arminiyus.

Duk wannan a takarda na gan shi. Wanda ya sa na ji shi a kunne wani dattijo ne mutumin Filato, mai gyaran janareta, wanda nake haɗuwa da shi wurin wata mai shayi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Hausa ce ta haɗa mu, domin ya ji ni ina waya da gida. Da na nuna masa rubutuna, ya ga inda na fassara “ni'ima”, kalmar da Kiristocin Larabawa ke amfani da ita, da “rahama”, sai ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, mu alheri muke cewa. Alheri kuwa, ka sani, ba a biyan kuɗinsa.”

Na ce, “To Baba, ku wane ɓangare kuke?”

Ya ajiye kofin shayinsa ya ce in ɗauka mutum ya faɗa rijiya. Wani ya ce akwai matakala a jikin rijiyar, ya hau kawai, to wannan tun da daɗewa ikkilisiya ta ƙi maganarsa. Sauran duk sun yarda cewa mutumin ba ya ko motsi, sai an sauka an same shi. Gardamar ita ce, bayan an farfaɗo da shi an ɗaura masa igiya, zai iya kwance ta ya ce ya fi son ƙasan rijiya, ko kuwa wanda aka rayar da gaske ba zai taɓa son komawa ba? Ya ce a ikkilisiyarsu ta gida akwai masu wannan ra'ayi da masu wancan a kan benci guda, kuma da yawansu ba su taɓa jin sunan Dort ba. Sai ya karanto mini da ka wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura 2, aya 12 da 13, inda aka umarci masu bi su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, aka kuma ce Allah ne ke aiki a cikinsu, su yi nufi su kuma aikata. Nan take ƙarshen Suratut Takwir ya faɗo mini, inda aka ambaci wanda ya so ya shiryu, sannan aya ta gaba ta ce ba za ku so ba sai Allah ya so. Ban faɗa masa ba a lokacin, don na fara tsoron saurin haɗa abubuwa.

A rubutu na biyu na ɗora wa kaina sharaɗi: ba zan soki ra'ayi ba sai na bayyana shi ta yadda mai shi zai sa hannu a ƙasa. Hakan ya sa na ƙara Katolika, waɗanda ƙungiyoyin malamansu biyu, Dominikawa da Jesuwit, suka yi ta jayayya bayan littafin Molina ɗan Jesuwit na 1588, har Fafaroma Bulus na Biyar ya rufe zaman binciken a 1607 ba tare da ya ba kowa gaskiya ba, ya kuma hana su kiran juna 'yan bidi'a. Na ƙara Jon Wesli mai bin Arminiyus da Joj Witfild mai bin Kalbin, masu wa'azi 'yan Ingila waɗanda wannan batu ya raba tun wajen 1740, amma Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da Witfild da ya rasu a 1770. Ni dai har yanzu ina ganin mutanen Kalbin sun fi tsayawa kan hujjarsu har ƙarshenta, mutanen Arminiyus kuma sun fi sauƙin amsa tambayar adalci, kuma na rubuta hakan a fili a matsayin ra'ayin ɗalibi Musulmi mai kallo daga waje.

Kwatanci da Jabriyya da Ƙadariyya, wanda a da shi ne ginshiƙin takardar, ya koma shafi ɗaya da rabi a ƙarshe, kuma yawancinsa bayanin bambanci ne. Kafin in miƙa wa malam, na kai wa Baba ya duba. Ya karanta a tsaye, hannunsa duk baƙin mai, ya gyara mini rubutun sunan Filibiyawa, wanda na saka wa harafi fiye da kima, sannan ya ce shayin ranar ni zan biya.