Kwana ɗaya a hanyar Helmond

Tun ina ƙarama nake jin kalmar "Holan" a bakin Hajiyarmu, amma a wurinta sunan atamfa ne, wadda in babu ita a lefe sai an yi gutsiri-tsoma. Shi ya sa da wani taro ya kai ni Amsterdam, na ware yini guda don in ga Helmond, garin da kamfanin Vlisco, mai buga wannan atamfar, yake tun 1846.

Kafin in taso kowa cewa yake kada in wahalar da kaina da Holanci, ai duk suna jin Turanci. Gaskiya ne, suna ji. Sai dai lasifikar tashar jirgin ƙasa ta Utrecht ba ta san da wannan ba. Aka yi sanarwa, mutane suka ɗebi jakunkuna suka watse, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam. Ashe an sauya wa jirginmu layi ne. Da na san "spoor" na nufin layin da jirgi ke tsayawa, da ban kwashe rabin awa ina shan sanyi ba.

A jirgi na gaba na zauna kusa da wata dattijuwa. Na gwada "goedemorgen" ɗin da na haddace, wato barka da asuba, sai ta ajiye jaridarta. Wai a ina na koyi wannan "g" ɗin? Shi ne harafin da yake kayar da baƙi, don daga maƙogwaro yake fita, kusan kamar "kha" ta Larabci. Na ce a makarantar allo, Mama. Ta yi dariya, ta ce su mutanen Brabant, lardin da Helmond yake, nasu ya fi taushi, irin nawa na 'yan arewacin Holan ne.

Iyayenta 'yan Suriname ne, wata ƙasa a Kudancin Amurka, sun zo kafin ƙasar ta sami 'yanci daga Holan a 1975, kuma har yau Holanci ne harshen hukuma a can. Ta lissafa min arewacin Beljiyam, har da birnin Antwerp, cikin wuraren da ake Holanci, ta ce ko Afrikaans na Afirka ta Kudu tana gane mafi yawansa. Ta ƙara da cewa Turanci zai saya min burodi, amma wasiƙar haraji da hirar maƙwabta da Holanci suke zuwa.

Helmond ɗin ƙaramin gari ne, shiru, ga magudanar ruwa ta ratsa shi. Na tsaya bakin masana'antar na ɗauki hoto na tura wa Hajiya. Ta bugo nan take, tana tambayar nawa turmi yake a can.