Asabar a ɗakin kwamfuta, da tambayar Hajiya

Da hantsi na shiga ɗakin kwamfuta cikin nishaɗi, domin yau ce ranar da na daɗe ina ɗagawa, ranar sabunta manhajar da ke tace mana shafukan intanet. Na zaɓi Asabar ne saboda ɗalibai ba sa nan, kuma idan aikin ya ƙi tafiya ina da Lahadi a gabana. Auta ya biyo ni da sunan taimako, amma shayi ya sha ya kwanta a kan benci.

Tsohuwar na'urarmu tana ɗauke da Squid siga ta 3.5, manhajar da duk zirga-zirgar intanet ɗinmu ke bi ta cikinta, tare da SquidGuard mai toshe shafuka, kuma jerin haramtattun shafukan da take dogaro da shi na Shalla ne, wanda masu shi suka rufe tun farkon 2022. Ke nan shekaru muka yi muna tsaron ƙofa da tsohon jerin sunaye. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne rahoton da wani mai bincike ya fitar a Oktoban 2023 yana lissafa kafofin rauni 55 a jikin Squid, har masu pfSense, wata manhajar tsaron hanyar sadarwa, suka shawarci jama'a da su cire ta daga na'urorinsu. Ni ban cire ba, na dai koma siga ta 6, na kuma ɗauko jerin da Jami'ar Toulouse ta Faransa ke sabuntawa. Kafin komai na kwafe tsohon fayil ɗin saiti na adana, sannan na sa manhajar ta karanta shi ta faɗa mini layukan da ba ta gane ba. Sun ɗan yi yawa, domin tun siga ta 4 aka sauya wa wasu umarni suna, har da ƙaramar manhajar da ke buga satifiket, wato shaidar da kwamfuta ke dubawa ta tabbatar shafi na gaske ne. Kafin azahar komai ya daidaita.

Ina cikin gwaji Hajiya shugabarmu ta leƙo, ta zo ɗaukar wasu takardu a ofis. Bayan mun gaisa ta tambaye ni ko wannan sabuwar za ta hana yara kallon bidiyon banza a lokacin darasi. Na ce mata, ranki ya daɗe, hanya biyu ce. Yanzu kusan kowane shafi a kulle yake zuwa, kamar wasiƙa a cikin ambulan, saboda haka ko dai mu tsaya ga karanta sunan shafin da ke rubuce a bayan ambulan, mu bari ko mu hana, ko kuma mu buɗe ambulan ɗin mu karanta abin da ke ciki, mu sake manne shi da hatiminmu. Hanya ta biyu ce kaɗai ke bambance darasin lissafi da raye-raye idan duka a shafi ɗaya suke, amma sai an saka satifiket ɗinmu a kowace kwamfuta, kuma ba ta cika aiki a wayoyi ba, tunda daga Android 7 yawancin manhajoji ba sa amincewa da satifiket ɗin da mai waya ya saka da hannunsa.

Ta yi shiru kaɗan, sai ta ce, "To Malam, wasiƙun da nake rubutawa a ofis, da lambar sirrin bankina, su ma a buɗe za su bi ta na'urarka?" Na ce ana iya keɓe bankuna da akwatunan wasiƙa a wani jeri dabam, su wuce ba a taɓa su ba. Ta ce, "Wa ke riƙe da jerin?" Na ce ni ne. Ta yi dariya ta ce ai shi ke nan, ta yarda da ni, in yi duk abin da ya dace, ta ɗauki takardunta ta tafi.

Wannan yardar ce ta hana ni sukuni har yanzu. Da ta yi mini gardama da na fi samun sauƙi, domin da na san akwai wani ido a kaina. Na zauna ina kallon na'urar, na tuna cewa makullin da zai riƙa buga hatimin nan ɗan ƙaramin fayil ne a cikinta, a ɗakin da mutum huɗu ke da mabuɗinsa, kuma duk wanda ya kwafe shi zai iya yi wa kowace kwamfuta tamu shigar burtu da sunan kowane shafi a duniya. Ni ma ba zan dawwama a wannan kujera ba, kuma wanda zai gaje ni Hajiya ba ta ce ta yarda da shi ba. Malamai kuwa ba wanda ya tambaye su, alhali su ma a nan suke duba albashinsu da sakamakon asibiti.

Duk da haka na san hanyar farko tana raguwa a hannuna. Dole ta sa na toshe hanyar aika bayanai ta UDP a ƙofa ta 443, saboda ta nan Chrome ke amfani da wani tsarin sadarwa mai suna QUIC ta kewaye mai tacewa gaba ɗaya, sannan ga sabuwar dabarar ECH da ke ɓoye sunan shafin kansa, wadda Firefox ta kunna tun 2023. Ranar da ta yaɗu, bayan ambulan ma ba za mu ga komai ba.

Na rubuta layin buɗe ambulan ɗin a cikin fayil, na sa masa alamar da ke hana shi aiki, na bar na'urar tana karanta sunaye kawai. La'asar ta same ni a can. Auta ya farka yana tambayar ko an gama, na ce masa an gama na yau. Ranar Litinin zan roƙi Hajiya ta sa maganar a taron malamai, kuma tun a hanyar gida nake juya yadda zan faɗa mata ba tare da ta ɗauka na mayar mata da yardarta ba.